Taƙi Ɗaya Daga Bakin Injin

Shekara goma sha ɗaya Auta ya yi yana sassaƙar ƙarfe a shagon yayansa. Yaya ba mugu ba ne. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa riƙon ma'auni, shi ya yi masa aure. Abin da ya fi ci wa Auta rai ke nan: yana son ya fita ya tsaya da ƙafarsa, amma babu laifin da zai kama ya ce shi ya kore shi.

Sai ya shiga shiri a ɓoye. Ya kama wani ɗan shago layi uku daga na Yaya, tsohon wurin wani mai faci, daɓen duk baƙin mai. Saura injin sassaƙar ƙarfen.

A waya ya gan shi, a shafin da ake tallan tsofaffin injuna. Hoto shida da bidiyo ɗaya. Kore shar, fenti na ƙyalli. A bidiyon bakin injin, wato haƙoran da ke damƙe ƙarfe, yana juyawa lafiya lau, ba ƙara ba rawa. Mai shi ya rubuta cewa wata masana'anta ce ta rufe. Garin da yake kuwa yini guda ne zuwa, yini guda dawowa.

Ba wai Auta bai san yadda ake duba injin ba. Ya sani sarai. Ba a kallon fenti. Keken da ke ɗauke da wuƙa ake ɗan ɗaurewa kusa da baki, a murza shi a kan gadonsa zuwa wutsiya. In ya cije a hanya, gadon ya cinye, sai ka yi sallama ka kama gabanka. Aikin minti biyu. Amma kafin minti biyun akwai kwana biyu, kuma kwana biyu sai da izinin Yaya. Yaya zai ce ina za ka. Auta bai taɓa iya yi masa ƙarya ba, fuskarsa ke tona shi. In kuma ya faɗi gaskiya, Yaya zai saka hula ya ce mu je in duba maka, shi ke nan injin ya zama zaɓin Yaya.

Matarsa kaɗai ya nuna wa. Tana ninke wanki a bakin gado, ta karɓi wayar ta kalla sau biyu.

"Baban yara, wannan ba cinikin biri a sama ba ne?"

"Ba ki ga yana juyawa ba?"

"Na gani. Fankar ɗakin nan ma tana juyawa, iska ce dai ba ta bayarwa."

Bai yi dariya ba, amma maganar ta taɓa shi. Ya kira mai injin ya ce ya ɗaura ƙarfe ya yanka, ya turo masa bidiyon ya gani.

"Ranka ya daɗe, da na yi," in ji muryar, mai laushi kamar ta likita. "Wuƙaƙen ne aka riga aka kwashe. Kuma ba don in matsa maka ba, mutum biyu na bayanka. Ɗaya ma gobe yake son turo mota."

Kafin la'asar Auta ya biya.

Sai ana gobe motar za ta iso ya gaya wa Yaya. Yaya ya kashe injin da yake kai, ya daɗe yana goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Allah ya sa albarka. Wa ya duba maka?"

"Na duba."

Yaya ya kalle shi. "To," ya ce, ya kunna injinsa.

Da hantsi aka sauke shi da sarƙa, aka gangara shi a kan bututu uku har cikin shagon. Direban ya daki gefensa da tafin hannu ya ce, "Amarya ta sha kwalliya!" Kwalliyar ce Auta ya tsaya yana kallo. Wanda ya yi fentin bai tsallake komai ba, har ramukan da ake ɗiga mai ya toshe su da kore. An lafta giris mai kauri a kan gadon, tun daga baki har wutsiya.

Ya ɗora hannu a kan mariƙin keken. Minti biyu. Sai ya tuna bai daidaita ƙafafun injin ba, ya saki. Ranar ya daidaita ƙafafu. Washegari ya ja wuta. Rana ta uku ya sa aka rubuta allo aka kafa a saman ƙofa. Kullum akwai abin da ya fi gaggawa.

Wanda ya fara kawo aiki wani mai injin niƙa ne, tsohon mai zuwa shagon Yaya. Sandar ƙarfen da ke juya injinsa ce ta karye, doguwa, kamu biyu. Irin wadda dole kaurinta ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe, don boris, zoben da sandar ke juyawa a ciki, ya zura ya wuce.

"Na ce bari in buɗe maka kasuwa," ya ce. "Wurin yayanka layi ya yi yawa, kai kuwa daga kai sai ƙudaje."

Auta ya ɗaura sabon ƙarfe. Injin ya ɗauka da murya mai daɗi, ɓawon ƙarfe na murɗewa yana zuba. Har ya ji kafaɗunsa sun sauka. Da ya gama ya sa ma'auni a wajen wutsiya, daidai. A tsakiya, daidai, da ɗan abin da ba a rasa ba. Kusa da baki, ma'aunin ya ƙi rufewa inda ya kamata. Ya zura boris, ya tafi sumul har ya wuce rabi, ya tsaya cak.

Ya ce wuƙa ce. Ya wasa ta, ya yanko wani ƙarfen. Wannan karon ya riƙa ƙara wa wuƙar ci da hannu a inda yake zargi. Sandar ta fito kamar rake, gaɓa gaɓa.

Sai a lokacin ya ɗaure keken ya murza. Taƙi ɗaya da yatsa biyu daga baki, ya cije kamar an taka masa birki. Ya kwashe giris ɗin da tsumma, ya kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe a kan gadon, ya haska fitilar waya ta baya. Haske ya ɓullo ta ƙasa, siriri, dogo.

Wanda ya sayar masa da injin ya ɗauki waya a kira na huɗu.

"Ranka ya daɗe, ai ka ga bidiyo. Ya juya ko bai juya ba?"

"Gadon ya cinye."

"Tsohon inji ka saya, ba sabo ba. Allah ya ba da sa'a."

Daga nan lambar ba ta ƙara shiga ba.

Mai niƙa ya dawo da yamma, ya tarar da sanduna biyu jingine a bango. Ya ɗaga ta biyun ya kai ta saitin ido.

"Auta, wannan ta niƙa ce ko ta dogarawa? Mata sun cika min ƙofa da kwanuka, har an fara zagin uwata."

"Gobe."

"Goben ta Allah ce," ya ce, ya fita. Auta ya leƙa ya ga layin da ya bi, na shagon Yaya ne.

A gida matarsa ta kalli fuskarsa ta ajiye masa abinci. Ba ta tambaya ba. Da ta tambaya da ya fi masa sauƙi.

Da safe yana buɗe shago ya ji sallamar da ya sani. Yaya ne, karo na farko da ya tako wurin. Suka gaisa kamar yadda suka saba, ya iyali, ya yara, ya gajiya. Yaya ya ɗaga kai ya karanta allon. Ya wuce wurin injin, ya bi gadon da farcen babban yatsa, a hankali, kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa. Ya ɗaure keken ya murza. Ya cije a inda ya cije jiya.

"An ci moriyar ganga," ya ce. "Wannan ya fi shekara talatin yana yankan gajeren abu wuri ɗaya. Ma'aikata suka ci shi, suka yi masa wanka suka turo maka."

"Ba ya gyaruwa?"

"Yana gyaruwa. A kwance shi, a kai gadon inda ake gogewa. Abin da za su karɓa gara ka sayi wani." Ya juyo ya dube shi. "Me ya hana ka gaya min?"

Auta ya kalli daɓe.

Yaya bai matsa ba. Ya buɗe tafinsa a kan gadon, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. "Nan cikin ramin da ya cinye, keken ya kwanta daidai. Taƙi ɗaya. Bush, zobe, ƙananan fil, duk zai yi maka su tsaf. Ka wuce nan, ƙarya zai yi maka." Ya goge hannu a rigar aikinsa. "Gurbinka na nan, ban sa kowa ba. In kuma ka fi son nan, gajerun ayyuka sun yi min yawa, sai in riƙa turo maka. Ka zaɓa."

Babu gori a muryarsa ko kaɗan. Auta ya nema, bai samu ba.

"Zan zauna," ya ce.

"To, madalla."

Yaya ya ɗauki karyayyar sandar mai niƙa ya sa a hammata ya tafi.

Haka aka ci gaba. Kowace safiya mai babur ya sauke buhu daga shagon Yaya, da 'yar takarda mai awo da rubutun Yaya. Da yamma ya dawo ya ɗauka. Auta ya kankare fentin ramukan mai da tsinke, ya ja layi da alli a jikin gadon inda gaskiyar injin ta ƙare. Aikinsa na fita da kyau, ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba.

Wata rana wani baƙo ya tsaya da mota a ƙofa, mai gyaran famfunan ban-ruwa. Ya ce allon ya gani. Ya ce yana da aiki duk mako, in hannu ya yi kyau ba zai ƙara zuwa ko'ina ba. Ya kwance buhu ya zaro sanda ya ɗora a kan teburi.

Auta ya buɗe tafinsa a kanta. Taƙi ɗaya, biyu, uku, da saura.

"Ka miƙe layin nan," ya ce. "Ka wuce kwana biyu, ta uku ka yi dama. Shago mai shuɗiyar ƙofa."

Mutumin ya kalli koren injin, ya kalli Auta. "Wannan fa? Ado ne?"

"Can za a yi maka daidai."

Ya mayar da sandar cikin buhu yana girgiza kai. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"In ce wa ya turo ni?"

"Ka ce ƙaninsa."