Tef ɗin da Na Gasa

Ni na lalata shi. Gara in faɗa tun farko, don Fiorenza tana ba mutane labarin kamar laifin kwali ne.

Shekara talatin da ɗaya ina tsaron ɗakin ajiyar tef na wani tsohon gidan ɗaukar sauti a unguwar Tiburtina, can ƙarƙashin ƙasa. Aji biyar na yi a makaranta, ya ishe ni karanta bayan kwali. Aikina in nemo, in share, in gasa, in hau da shi sama wurin Fiorenza, ita ke da injin da ke kwashe sautin. Tef ɗin shekarun saba'in in ya daɗe danƙo yake yi, sai an sa shi a tanderu, wuta kaɗan, awa takwas, sannan ya saki. Na shekarun sittin kuwa wuta kashe shi take yi. Gane su ba wuya: ka ɗaga naɗin tef ɗin ka saita fitila, in haske ya ratsa, kada ka gasa. Ni na koya wa Fiorenza wannan.

A watan Maris Dakta Amleto ya zo daga Bologna. Shi ne mai sake fitar da kiɗan tsofaffin finafinan kaboyinmu a faifai, kwafi ɗari biyar kacal, mutanen Jamus da Japan su wawashe. Kiɗan fim ɗin Rijiya Bakwai, Harsashi Ɗaya yake nema. Fim ɗin shirme ne, amma akwai ƙaho a ƙarshensa, inda jarumin ke janye dokinsa, wanda masu tara faifai ke mutuwar so. Tsohon faifan bai rubuta sunan makaɗi ko ɗaya ba, haka ake yi a lokacin. Sai masu tara faifan suka yanke wa kansu cewa wani shahararren mai ƙaho ne ya busa.

Kawuna Quirino ne ya busa. Shekararsa tamanin da uku, haƙoransa na roba, kuma shekara arba'in yana faɗa a shagon kofi na unguwar Garbatella ana ce masa, "Ƙwarai kuwa, Quirino, kai ne ma dokin."

Na gaya wa Dakta. Ya ce, "Nazzareno, a asalin tef ana jin magana kafin kowace ɗauka. In na ji sunansa, zan buga. In ban ji ba, mutanen nan za su cinye ni ɗanye."

Na nemo kwalin. An rubuta 1975. Ban tuna cewa a shekarar aka sake haska fim ɗin ba, wani ya canza wa tef ɗin kwali, alhali a 1967 aka ɗauke shi. Ɗoki nake yi. Ban ɗaga shi a fitila ba. Na sa shi a tanderu da safe, da la'asar na fito da shi ya nannaɗe kamar ɓawon albasa, kana taɓawa yana karyewa.

Fiorenza ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Malam, ai ya gasu. Gishiri zan kawo ko man zaitun?"

"Rufe min baki."

"Na rufe. Wa zai gaya wa tsohon?"

Ranar Lahadi na je. Na bari ya gama taliyarsa, sannan na ce, "Kawu, na ƙona tef ɗinka. Ba wani, ni."

Ya goge baki. Ya daɗe yana kallon farantin. Na ɗauka zai yi kuka, da na fi son ya jefe ni da cokali.

Ya ce, "Uwarka ta ce min kai jaki ne, na ce ta yi haƙuri za ka girma." Sannan ya ce, "Wa ke kan inji a 1967? Settimio ne ko?"

"Haka littafin rajistar gidan ya nuna."

"To Settimio bai taɓa zubar da tef ba ko sau ɗaya. Maƙo gare shi kamar shi ke saye. In Maestro, shugaban makaɗa, ya ce ɗauka ba ta yi ba, sai ya yanke ta, ya naɗa ta a gindin naɗin aikin da ke biye, don ƙarfen tsakiya kada ya ci sabon tef. Sau huɗu na busa abin nan. Ta huɗu ka soya. Ina ukun?"

"Wane aiki ya biyo baya?"

"Tallar tumatirin gwangwani. Da rana, mu ɗin dai, ba mu ko tashi daga kujera ba. Makaɗa arba'in saboda tumatir."

Kwana biyu na yi ina sauke kwalayen talla. Na samu tef ɗin tumatirin a ƙasan kanta, gefen bututun ruwa. Na ɗaga shi, haske ya ratsa, na hau da shi a hannu biyu. Fiorenza ta bar shi ya juya har tumatirin ya ƙare. A can gindi akwai wani tef mai duhu, an haɗa shi da ɗan gam da ya zama ruwan ɗorawa. Ta tsayar da injin. Ta ce ba za ta ji ba sai mai shi ya zo.

Ranar Alhamis na ɗauko Kawu a motata. Ya sa kwat da ɗaurin wuya kamar mai zuwa kotu. Dakta ya riga mu, yana zaune da littafinsa a cinya.

Ɗauka ta farko, masu goge suka shigo da wuri, aka tsaya. Ta biyu wani ya yi tari. Ta uku ƙahon ya taso shi kaɗai, a hankali, gogen suna binsa a baya. Ni ban san kiɗa ba, ɗaukarsa nake yi a kafaɗa. Amma na ga Fiorenza ta cire hannunta daga kan injin. Ƙahon ya hau, ya hau, dab da ƙarshe sai muryarsa ta tsage. Aka ji sandar jagoran kiɗa ta bugi katako, da muryar Maestro, wanda ya mutu tun ina saurayi:

"Quirino, ɗan banza, dokin ya kai gida ya ci abinci, kai kana nan kana jan numfashi. Ba don uwarka kake busawa ba, don fim ne. Sake."

Makaɗa suka kwashe da dariya, tef ya ƙare.

Dakta ya cire tabarau. Ya ce, "Ranka ya daɗe, zan buga sunanka a gaban faifan. Kiɗan fim zan kwaso daga tsohon faifai, wannan kuma in sa ta a ƙarshe, ita ce shaida."

Kawu ya ce, "A'a."

"Me ya sa?"

"Ba ka ji ta tsage ba? Shekara hamsin ina busa, sau nawa na tsage? Sai wannan za ku kai wa Japanawa?"

"Irin wannan suka fi so. Mutum zai sayi faifan saboda ita kaɗai."

"To mahaukata ne."

"Mahaukata ne," in ji Dakta, "ni ne shugabansu."

Kawu bai yi dariya ba. Ya fara neman sandarsa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Kawu, mai kyan na ƙona ta, ba za ta dawo ba. Wannan ce ke akwai. Ko ka fito da tsagewarka da sunanka, ko wancan shahararren ya ci gaba da riƙe ƙahonka har ka mutu. Zaɓi."

"Ji mai soya tef yana ba ni shawara."

Fiorenza ta mayar da ɗauka ta uku. Ya tsaya da sanda a hannu yana ji, yatsunsa uku na dama suna motsi a kan kwat. Da ta kai tsakiya sai ya zauna.

Ya ce, "Wannan ta fi ta fim. A ta huɗu sauri na yi don dokin banza. Nan ne na busa yadda nake so." Ya juya wajen Dakta. "Ka sa ta. Amma kada ka yanke zagin. Maestro ba ya zagin wanda bai iya ba, korarsa yake yi."

Dakta ya rubuta. Sannan ya tambaya, a hankali, ko Kawu ya tuna wanda ya yi fito a farkon fim ɗin.

"Tullio Scarponi. Direban taragu ne, ranar hutunsa yake zuwa. Rubuta. Mai jita Ermete, ya mutu. Matar da ke rera waƙa ba kalmomi, Ilde Fracassi, tana nan a Ostia, tana kiwon kyanwoyi, kurma ce yanzu sai ka ɗaga murya. Juya shafi, Dakta, masu goge goma sha shida ne, kuma zan faɗa maka waɗanda suka shigo da wuri."

Fiorenza ta aike ni in sayo burodi da cuku na mutum huɗu.