Ƙulli Uku a Zaren Kamfani

Ina bin kamfanin haƙar ma'adinai kwalba uku na ruwan rijiyata, da amsa guda ɗaya. Ba kuɗi ba ne, kada wani ya ce tsohuwa ta fara kwaɗayi. Ruwa suka ɗiba, suka ce za su kai a duba, su dawo su gaya mini abin da ke ciki. Shekara guda ke nan da 'yan kwanaki.

Ni ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce shi ban gaishe shi ba. Amma a bayan ƙofar ɗakina akwai ƙusoshi, kowace da zarenta. Duk abin da ya fita gidan nan da niyyar dawowa ina yi masa ƙulli, ranar da ya dawo in kwance. Matar tela tana da jan zare, don ita aron tukunya ne sana'arta ta biyu. Mai Awaki yana da baƙi. Kamfani na ba su shuɗi, wanda na zare daga bakin buhu.

Rijiyar a tsakar gidana take, gida tara ke sha daga cikinta. Tun ranar da ɗan akuya ya faɗa ciki na sa maƙeri ya yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo. Makulli ɗaya ne, yana ɗaure a ƙuguna. Ina buɗewa da safe, in zauna har kowa ya cika bokitinsa, in rufe. Da la'asar ma haka. Babu gugan da ke sauka ban gani ba.

Autana shi ne mai ɗibar ruwan kamfani. Sun ba shi babur da akwati mai sanyi da riga mai ɗaukar ido. Aikinsa ya zagaya rijiyoyin unguwa wata-wata ya cika kwalabe, saboda tafkin da suke zuba ruwan wankin dutse yana bayan katangarsu, ƙasa kuwa wajenmu ta gangaro. Da albashin nan ya yi aure, da shi ya canza mini rufin ɗaki. Matarsa tana da ciki wata bakwai.

Wata na farko ya karɓi makulli, na yi ƙulli. Na biyu haka, na uku haka. Daga nan bai ƙara nema ba. Na ce ko sun gama ne. Sai ya fara dawowa da jarka a bayan babur, ya shige da ita ɗakinsu, wai ruwan rijiya yana tayar wa matarsa zuciya. Na bar shi a haka. Amma ni ma ina da harshe. Ruwan ya koma kamar ka tsotsi tsohon makulli. Sabulu ya daina kumfa. Awakin Mai Awaki huɗu suka yi ɓari a jere.

Ranar da kamfani ya kira taron unguwa, ina ɗaura ɗankwali sai ga Auta a bakin ƙofa.

"Inna, yau ki huta. Ƙafar nan taki."

"Ƙafata ta gode. Tun yaushe ka zama likita?"

"Ba wani abu za a yi ba. Za su karanta takarda, a dangwala, a tashi. In an dangwala su ƙara faɗin tafkinsu, mu kuma su gina mana aji biyu."

"To ai sai in je in ji karatu."

Ya shigo ya tura ƙofa. Idonsa ya faɗa kan ƙusoshin, ya kawar da kai da sauri.

"Inna, in kin ji wani lissafi da bai yi miki ba, ki bari mu dawo gida."

"Zauna," na ce. "Jarkar nan da kake kawowa, ta mece ce?"

Sai da ya murza hularsa kamar zai matse mata ruwa kafin ya yi magana. Ya ce kwalba ta uku da aka kai, takarda ta dawo da jan layi. Manajansa ya kira shi ofis, ya ce wataƙila kwalbar ce ba ta da tsabta, ya je ya kawo mai tsabta, kuma kada ya sake kawo masa irin wannan. Shi kuwa ya gane. Tun daga ranar, a famfon ƙofar kamfani yake cika kwalbar rijiyata, ya manna mata lambar gidana.

"Wata tara," na ce. "Matarka na shan na jarka, uwarka na shan na rijiya."

"Wallahi Inna, na sha zuba miki a randa ba ki sani ba."

"Gida takwas ɗin fa? Su ma ka zuba musu?"

Ya ce, "In kika faɗa, ni za su kora. Manaja ba ya rubuta komai, sa hannuna ne a kan kowace kwalba. Saura wata biyu ta haihu."

Na juya, sai ga surukata a tsaye a bakin labule, hannu a ƙugu saboda nauyi. Ta ji komai. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ku yi abin da kuka ga ya dace."

Na cire shuɗin zaren daga ƙusa, na ɗaure shi a bakin zanena. Ni kaina ban san ko zan kwance shi ba.

A ajin makaranta aka yi taron. Bencin yara ne, manya sun cusa gwiwoyi kamar an ɗaure su. An rataya farin ƙyalle a kan allo, wata na'ura tana hasko masa hotuna: bishiyoyi, tsuntsu a bakin ruwa, yara na dariya. Aka raba mana ruwan gora ɗaya-ɗaya. Mai Awaki ya ɗaga tasa ya ce, "A'a, ashe sun san wanda ake sha!" Aka yi dariya, shugaban kwamitin unguwa ya harare shi.

A gaba akwai mutum biyu. Manajan Auta, mai agogo kamar murfin gwangwani, yana ta duba shi. Sai wata yarinya mai tabarau, sabuwar zuwa, ita ce aka ce mai kula da muhalli da jin koken jama'a. Ta durƙusa ta gaishe mu tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, na ce a raina wannan an yi mata tarbiyya, saura mu ga ko an bar mata kunne. Auta yana bakin ƙofa da rigarsa mai ɗaukar ido, yana riƙe da tawadar dangwale.

Mai Tabarau ta yi bayani da kyau. Ta ce an shimfiɗa leda mai kauri a ƙasan tafki, ta ce suna yayyafa ruwa a hanya saboda ƙura. Maƙeri ya yi ƙorafin ƙarar fasa dutse, ta rubuta. Matar tela ta ce bangonta ya tsage, ta rubuta. Komai rubutawa take. Sannan ta zo kan rijiyoyi.

"Rijiya ta bakwai, ta gidan Mama mai makulli," ta ce tana yi mini murmushi. "An ɗiba sau goma sha biyu, wata-wata. Duka lafiya lau."

Shugaban kwamiti ya fara tafi. Aka miƙo takardar dangwale daga bencin gaba. Na ga tana tafiya hannu zuwa hannu, Auta na biye da tawada. Mai Awaki ya dangwala yana gunaguni. Matar tela ta dangwala, ita kuwa 'yarta na goye da jariri, kuma da ruwana ake dama masa abin sha. Takarda ta iso gabana. Auta ya miƙo tawada.

"Inna," ya ce ƙasa-ƙasa.

Na dafa kafaɗarsa na miƙe.

"'Yata, sau nawa kika ce?"

"Goma sha biyu, Mama."

"To an yi muku kyauta. Ni uku na bayar."

Na kwance zaren daga bakin zanena na ɗaga. Manaja ya yi dariya ya ce, "Mama, mu da kwamfuta muke aiki, ba da zare ba."

"Kwamfutar taka tana da makullin rijiyata?" Na ciro shi daga ƙugu, ya yi ƙara. "Ga shi nan, ɗaya ne. Ku tambayi unguwa ko akwai wanda ya taɓa jan ruwa ba na zaune."

"Ko mijinta marigayi bai isa ba!" in ji Mai Awaki daga baya. Wannan karon ba a yi dariya sosai ba.

Shugaban kwamiti ya matso ya ce, "Iya, a bi a hankali. Aji biyu ne fa."

"Yaran da za su zauna a ciki, me za su sha?" Na juya wajen yarinyar. "Ni ba rigima na zo yi ba, bashi na zo karɓa. Tara ɗin nan ba nawa ba ne, ku mayar wa mai su. Nawa uku nake so. Ki karanta mini ta uku."

Ta buɗe kwamfutarta. Ta daɗe tana dubawa, murmushin ya tafi.

"A wata na uku akwai sakamako biyu," ta ce. "An soke na farko. An rubuta wai kwalba ta gurɓata, an sake ɗiba bayan kwana biyu."

"Ba a sake ba. Na farkon me ya ce?"

Ta kalli Manaja. Shi kuwa tuni ya miƙe. "Idan akwai kuskure wajen ɗiba, ai ga mai ɗiba nan," ya ce yana nuna Auta da biro. "Sa hannunsa ne. Kamfani ba ya wasa da irin wannan, za mu hukunta shi."

Duk aji ya juya ga ɗana.

"Za ku hukunta shi, na ji," na ce. "Ni na haife shi, na san halinsa, ko gishiri na aike shi sai ya tambaya na nawa. Ba ya yin abu sai an sa shi. Wa ya ce masa kwalbar ba ta da tsabta?"

"Mama, wannan maganar ofis ce."

"Ruwan a cikina yake, ba a ofis ba. Auta, ɗago kanka. Ka faɗa a nan, ko ka faɗa a gida bayan sun gama ɗora maka. Korar dai ɗaya ce."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Tawada ta zube a kan yatsunsa bai sani ba. Sannan ya faɗa: ofis, jan layi, famfon ƙofa, wata tara. Bai ɓoye jarkar ba. Da ya zo nan matar tela ta miƙe ta ce, "Kai! Kana gaishe ni kullum da safe ina jan ruwan nan?" Sai da mata biyu suka riƙe ta.

Manaja ya ce ƙarya ce, ya ce a rufe taro. Mai Tabarau ba ta kalle shi ba. Ta ɗauke takardar dangwale daga gabana ta ninke ta biyu, ta sa a jaka.

"Wannan ba ta da amfani yau," ta ce. "Mama, na farkon ya ce akwai ƙarfe mai cutarwa fiye da kima. Ban san daga ina yake ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na sani ba. Kada kowa ya ƙara sha. Za ki ba ni aron makulli?"

"Ba na ba da aro. Ina buɗewa da kaina."

Haka muka taho, rabin unguwa a bayanmu. Manaja ya shiga motarsa. Na buɗe kwaɗo, yarinyar ta tattare hannun riga ta ja guga da kanta, har igiya ta goge mata tafi. Ta cika kwalba biyu, ta liƙe bakinsu, shugaban kwamiti ya sa hannu, maƙeri ya sa. Ɗaya ta ce za a kai wurin gwajin da kwamiti ya zaɓa, ba nasu ba. Ɗaya ta miƙo mini.

"Ki ajiye. In aka kawo takardar da ba ki yarda da ita ba, ga shaidarki."

Na karɓa, na ɗauko zaren a gabanta na ƙara ƙulli.

"Mama, har da ni?"

"Kin ɗiba ko ba ki ɗiba ba?"

Washegari suka karɓe babur da akwati da riga. Sun ce dakatarwa ce har a gama bincike, amma na ga yadda mai gadin ya karɓi makullin babur, ba karɓar wanda zai mayar ba ce. Manaja yana nan, an ce shi ma ana bincikensa, sai dai har yanzu da motarsa yake zuwa. Tankar ruwa tana tsayawa a bakin titi sau biyu a mako. Rijiya a rufe take, makullin ya yi mini nauyi a ƙugu.

Kwana shida Auta bai ce mini ko sannu ba. Surukata ce ke kawo mini abinci, ta ajiye, ta ɗan tsaya, ta fita. Na sayar da tunkiyata na ba ta kuɗin awo, ban yi wa wannan ƙulli ba.

A rana ta bakwai ya shigo neman igiya, ya ga sabuwar ƙusa a bayan ƙofa. Farin zare, ƙulli takwas.

"Wannan na wa ne?"

"Naka. Gida takwas. Nawa na yafe."

Ya daɗe yana kallonsa. "Ni fa, Inna? Aikina da kika ci, a wace ƙusa yake?"

Na nuna masa ta kusa da ita. Ƙulli ɗaya ne, babba, na ja shi sosai har ba na jin zan iya kwance shi da farcena.

Da tankar ta zo na hango shi ya ari baron maƙeri, ya jera jarkoki, ya fara da gidan matar tela. Ta bar shi a tsaye a ƙofa har rana ta taɓa shi, sannan ta buɗe.

Ban kwance masa ko ɗaya ba tukuna, jarka ɗaya ba ta biyan wata tara. Na kamfani kuwa yanzu huɗu ne. Jiya Mai Tabarau ta aiko a gaya mini takarda na nan tafe ranar Laraba. Na ce a gaishe ta, a kuma gaya mata ba ta faɗi wace Larabar ba.