Dekin Kwana Tara

Ni na jawo wa kaina, don ba wanda ya aike ni. Shekara ashirin da biyu ina kafintan dekin a Abuja, in kafa katako in tokare da gora a zuba kankare a kai, kuma burina ɗaya ne, in ga 'yata Yusra ta zama injiniya. Yarinyar kanta na ja, lissafi a wurinta kamar shan ruwa. Amma ana saura kwana biyu a rufe fom ɗin shiga jami'a tana ta wasi-wasi, yau injiniya, gobe haɗa magunguna. Sai na ce ta shirya mu je wajen aikinmu a Utako ta ga Injiniya Hafsah da idonta, tunda gani ya kori ji.

Hafsah ta karɓe ta hannu bibbiyu. Ta aro mata hular kwano, ta baje mata zane, ta nuna mata dekin bene na biyu da muka zuba kwana tara da suka wuce. Ta ce sai ya kwana ashirin da ɗaya kafin a taɓa gorar da ke riƙe da shi. Ina gefe ina ta washe baki.

Muna cikin haka mai ginin ya iso, mutumin da kullum sauri yake kamar ya bar tuwo a wuta. Masu bulo yake so su shiga ƙasan dekin gobe.

"Injiniya, a cire min sandunan nan yau."

"Oga, kankaren bai nuna ba. No way, ba zan sa hannu ba."

"To ajiye hular. Injiniyoyi nawa ke yawo da fayil a garin nan?"

Shi ke nan fa. Ta naɗe zanenta ta nufi ƙofa, har ta manta da hular da ke kan Yusra. Mai ginin ya juyo kaina.

"Maharazu, kai ma turancin za ka yi min?"

Wallahi na fi Hafsah sanin ɗanyen kankare, da farce ma ina gane shi. Amma ina da baki bakwai a gida, kuma an kori mai digiri a gabana, balle ni. Na ɗauki guduma. Na ce wa Yusra ta koma can bakin ƙofa, na sa yaran aikina su fice, na shiga ni kaɗai ina doke gora ɗaya bayan ɗaya ina salati. Tsoro na ji, kunya kuma ta fi tsoron.

Dekin bai faɗo ba. Ya ɗan saki ciki a tsakiya, abin da filasta za ta rufe. Mai ginin ya yi dariya ya ce, "Ka gani? Masu takarda tsoro ya yi musu yawa."

Ni da Yusra muka hau motar komawa gida Masaka, har muka wuce Nyanya. Hular na kan cinyarta. Na tabbata na kashe maganar injiniya da hannuna, sai na fara lallaɓawa, wai ai haɗa magunguna ma abin rufin asiri ne.

"Baba, wa zai zauna a ƙarƙashin dekin nan?"

"Shaguna ne, 'yan haya."

"Kuma ka san bai nuna ba?"

"Na sani."

Ta juya tana kallon titi.

"Injiniyan zan cike gobe."

Daɗi ya kama ni, har na ɗaga hannu zan sa mata albarka. Ta share ido da bakin hijabinta, ba ta dube ni ba.

"Amma don Allah Baba, in na gama, kada ka nemi aiki a wurina. Ban san yadda zan kore ka ba."