Nidal A Cikin Kulle

Tun da dokar kulle ta tsayar da tasinsa a Amman, gida ya yi wa Nidal ƙunci. Ya zauna ya tashi, ya leƙa titi, ya buɗe firij. Matarsa Lubna ta hana shi shan sigari a ɗaki saboda asmar mahaifiyarsa, sai ya tare a baranda, yana kashe wani yana kunna wani, farantin burodi da zaitun a cinyarsa.

"Abu Tarik, tumbin nan ya kusa riga ka shiga ɗaki," in ji Lubna, tana kiran Nidal da alkunyarsa.

"Girkinki ne ya jawo."

Wata safiya ya ɗauko tukunyar gas daga ƙasan bene. Kafin ya kai hawa na uku numfashi ya gagare shi, ya zube a matakala, ƙirjinsa yana shaƙewa. Mahaifiyarsa ta fito a hankali ta miƙa masa abin shaƙar maganin asmarta.

"Ungo, ɗana, yau ka fi ni buƙata."

Bai karɓa ba. Da yamma ya hau rufin gidan yana ta zagaya tankunan ruwa, hannunsa yana kaiwa aljihun da kwalin sigari yake, yana dawowa bai ɗauko ba.