Madarar Mai Feshi

Da almakashi matarsa take cire masa abin feshin daga gemu, don ruwa da sabulu ba sa taɓa shi. Shuɗi ne, mai sheƙi, ya daskare a gashin kamar roba. Mai Feshi ya miƙa wuya yana dariya.

"A hankali, uwargida. Gemun nan shi kaɗai na mallaka a duniya."

Bai rufe baki ba tarin ya taso masa. Ya dafe bango, ƙirjinsa na wani irin fito, idanunsa suka firfito. Ta yar da almakashin ta ruga ta ɗora madara.

Shekara tara ke nan yana wannan aiki. Ruwa iri biyu ne a durom biyu, su haɗu a bakin bindigar feshi, su fito kamar hayaƙi, kafin ka ƙirga goma sun bushe. Rufin bene, cikin tanki, bayan mota, duk abin da ya fesa rana ba ta sa shi ya koɗe. In suna tafiya a gari sai ya tsayar da ita.

"Kin ga tankin can? Hannuna ne. Shekara bakwai, ko launi bai sake ba."

Kamfanin yana ba kowane mai feshi gwangwanin madara ɗaya kullum, wai tana wanke ƙirji. Kowa a wurin ya yarda, ita ma ta yarda. Ko yara sun zuba ido, ba ta taɓa ɗibar musu ko cokali ɗaya ba. Takunkumin rufe hanci kuwa akwai, guda biyu, a rataye a ofis. Sai ranar da baƙi za su zo ake sauko da su.

*

A asibiti, likita ta daɗe da abin awo a bayansa tana saurare.

"Me kuke sawa a hanci in kuna feshin?"

"Ai muna shan madara," in ji shi.

Likitar ta ajiye biro. "Malam, madara ciki take tafiya. Abin da kake shaƙa huhu yake tafiya. Ko a hanya ba sa gamuwa. In ka koma aikin nan haka, wata rana ƙirjin zai rufe, kuma ba lallai ya buɗe ba."

Kunya ce ta kama matar tasa, kunya da haushi. Ashe shekara tara tana hura wuta a banza, tana hana 'ya'yanta.

*

Shugaban aikinsu, wanda suke kira Sauri, ya zo dubiya da katan guda na madara. Ko zama bai yi ba.

"Litinin za mu fara babban rufi. Wallahi babu mai hannunsa."

"To a ba shi takunkumi mana," in ji ta daga bakin ƙofa.

"Maman yara, matatar cikinsu ta mutu tun bara, sai an yi odar sabuwa. Ga zafi, yana rage wa mutum sauri." Ya juya ga Mai Feshi. "Ko in nemi wani?"

Mai Feshi ya dubi yaran da ke leƙe ta labule, ya dubi ƙasa. Ta san wannan kallon nasa, komawa zai yi.

Ranar Lahadi ta ɓoye takalman aikinsa a cikin buhun gawayi. Ranar Litinin ta dawo daga raka yara makaranta, ta tarar da ɗakin wayam. Takalman suna nan inda ta sa su. Silifas ɗin banɗaki ne babu, da tsohon ɗankwalinta, wanda ta tabbata hanci zai ɗaure da shi.

Ta zauna a bakin gado. Daga taga ana hango tankin nan can nesa, shuɗi, yana ƙyalli a rana kamar jiya aka fesa shi.

Da yamma ta yi, ta tashi ta farke katan ɗin. Ta san babu abin da madarar za ta yi masa. Ta fasa gwangwani ɗaya, ta juye a tukunya, ta ɗora a wuta, ta tsaya tana sauraron ƙofa.