Kwalbar Maganin Mama

Ni ce na yi musu tafinta, don haka kada wani ya zo yana gaya mini yadda abin ya faru. Ina wurin tun ranar da motocinsu suka tsallaka mayo, wato kogi, suka shigo ƙauyenmu Betso, har ranar da suka naɗe kayansu suka tafi.

Sunana Victoria, ina sayar da magani a wani kemis a Yelwa, cikin garin Mubi. Ranar da fasto ya yi sanarwa a coci cewa likitocin ido za su zo daga ƙasar waje su yi aikin sa kai na mako guda a ƙauyenmu, kuma suna neman wanda ya iya Turanci da Hausa da yarenmu, ban tsaya neman shawarar kowa ba. Na roƙi mai kemis hutu, ya ba ni yana tsaki, na hau mashin. Dalilina a fili yake. Mahaifiyata, Mama Miriyamu, ta yi shekaru ba ta ga tafin hannunta ba. Yanar ido ce ta rufe mata gani. Matar da ita kaɗai take nome gonar gyaɗa ta koma zaman tsakar gida, tana sauraren kaji.

A makarantar firamare suka sauka. Aji ɗaya suka wanke suka mai da shi ɗakin tiyata, janareto yana ruri a bayan taga. Babbarsu ita ce Dakta Eva, wata doguwar Baturiya mai furfura, wadda ta ce mini hutunta na shekara ne take ƙararwa a wurinmu. Gaskiya matar nan ta yi aiki. Tun safe tana duƙe a kan idanun mutane, abinci ma a tsaye take ci, ranar da zazzaɓi ya kama ta ko kwanciya ba ta yi ba. Ba ni da abin da zan zarge ta da shi, kuma wannan ne yake ƙara ƙona mini rai, don in abu ya lalace mutum yana son ya sami wanda zai zaga.

Jama'a kuwa kamar ranar kasuwa. Daga Bahuli, daga kan duwatsu, tsofaffi a jere kowa ya dafa kafaɗar na gabansa. Mama ta zo tare da aminiyarta Inna Saude mai ƙuli-ƙuli, wadda iyayenta suka zo daga wajen Katsina tun kafin a haife ni. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata. Idon Inna Saude kullum ja ne, yana ruwa yana kwantsa, amma tana ɗan gani. A bakin ƙofa aka raba layi biyu: waɗanda ba sa gani sam su wuce gaba, masu ɗan gani su jira a baya. Haka aka raba su.

Dakta Eva ta haska idon Mama na hagu, ta daɗe, ta girgiza kai. Jijiyarsa ta mutu, ta ce, ko an cire yanar ba zai gani ba. Na dama ne ake da fata a kansa.

"Wannan ɗaya ne kawai muke da shi," ta ce da ni. "Ku kula da shi sosai."

Aka yi aikin. Washegari da safe aka kwance bandeji, ni ina tsaye a gabanta. Mama ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ta kafe ni da ido.

"Wace ce wannan mai ƙiba haka?"

"Ni ce, Mama."

"To ashe kina cin abinci a Mubi, kike zuwa kina yi mini kukan wahala."

Kowa a ajin ya yi dariya, har Turawan da ba su ji abin da ta ce ba. Ni kuka na yi, kuma ban ji kunya ba. Ranar nan da ƙafarta ta koma gida, ba wanda ya riƙe ta. Tana shiga ta ce shara ba ta sharu ba, ta ce wa ƙanena Philemon gemunsa ya yi furfura kamar na tsohon bunsuru, ta sa aka jero mata jikoki tana duba su ɗaya bayan ɗaya. Rabon da in yi murna irin ta ranar har na manta.

Sai ranar ƙarshe. Da azahar ƙananan gilasan da ake sa wa mutane a cikin ido suka ƙare, magani ma ya ƙare, layi kuwa har bakin rijiya. Turawan suna ciki suna haɗa kaya, wata daga cikinsu tana share hawaye, ni aka turo waje in faɗa. Na tsaya a kan dakali na ce aiki ya ƙare, sai baɗi in Allah ya kai mu. Da sun yi mini ihu da ya fi mini sauƙi. Ba wanda ya ɗaga murya. Inna Saude, da ko duba ta ba a kai ga yi ba, ta tashi ta kakkaɓe tabarmarta ta ce, "Allah ya kai mu." Sai wani tsoho daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba, ai wadda take da 'ya a ciki ita ta sami ido. Ƙarya ce, Allah ne shaidata, ban sa baki a layin nan ba. Amma na ji shi, kuma Mama da ta zo yi wa Dakta Eva godiya ita ma ta ji.

Duk wanda aka yi wa aiki an ba shi kwalbar magani guda, ƙarama, ba ta wuce ɗan yatsa ba. Maganin fari ne kamar madara, a ɗiga sau huɗu a rana har wata guda. Kafin in koma Mubi na zaunar da Mama na yi mata bayani da yarenmu, na maimaita da Hausa. Kada hayaƙi ya shiga idon, kada ruwa ya taɓa shi, kada ta sunkuya a gona.

"Kuma maganin nan naki ne ke kaɗai, Mama. Kada ki ba kowa. In ya ƙare babu wani."

"Na ji," ta ce. "Ido ne ya mutu mini, ba kunne ba."

Ba a yi mako biyu ba Philemon ya kira ni a waya, ina tsakiyar sallamar mai saye. Ya ce idon Mama yana ciwo tun shekaranjiya, ita ta hana shi gaya mini. Na bar kemis a buɗe na fita neman mashin.

Da hantsi na isa. A gindin mangwaron ƙofar gidanmu na tarar da tsofaffi zaune a kan tabarma, sun kai goma. Na gane fuskokinsu, mutanen layin baya ne, har da tsohon da ya yi maganar nan. Na ɗauka dubiya suka zo. Na gaishe su a tsaitsaye na wuce.

Mama tana ɗaki, ta ɗora tsumma a fuska. Na ɗaga tsumman. Idon ya kumbura ya rufe, mugunya tana fita ta gefe.

"Mama, kina sa maganin kuwa?"

"Ko sau ɗaya ban tsallake ba."

"Ina kwalbar?"

Ta lalubo ta daga bakin zaninta ta miƙo mini. Ya kamata a ce ta kusa rabi. Cike take har wuya. Na ɗiga a bayan hannuna, abin da ya fito garau yake, babu farin nan ko kaɗan.

"Mama, mene ne wannan?"

Ba ta ɓoye mini ba, don a ganinta ba ta yi wani laifi ba. Bayan tafiyata mutane suka fara zuwa yi mata barka da arziki, yawancinsu waɗanda aka mayar gida ne ba a duba su ba. Suna zaune suna yi mata murna, ita tana kallonsu da sabon ido, su suna lalube. Sai ta aika aka kira Inna Saude ta ɗiga mata. Washegari ta ɗiga wa mutum uku. Daga nan kullum da hantsi, in Philemon ya tafi cirar gyaɗa, sai su taru a gindin mangwaro, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana buɗe musu ido da yatsa, tana manna bakin kwalbar don kada ɗigo ya zube a banza. In ta gama ta sa nata.

"Ban ce miki kada ki ba kowa ba?"

"Kin ce in ya ƙare babu wani. To ai bai ƙare ba. In ya yi ƙasa sai in ƙara masa ruwa daga randa. In baƙi suka yi yawa ba haka ake yi wa miya ba?"

Raina ya ɓaci, ban san lokacin da na fara ɗaga mata murya ba, abin da ban taɓa yi ba tunda ta haife ni. Na ce ido ɗaya take da shi a duniya, mata ta tsallako teku ta gyara mata shi, ita ta ɗauka ta raba wa gari. Ta bar ni sai da na gaji.

"Victoria, tare muka tsaya a rana da mutanen nan. Ni na shiga, su ba su shiga ba. Kina so in zauna in rufe ƙofa ina ɗiga wa kaina, Saude tana jin motsina ta bayan katanga? Da wane ido zan dube ta?"

Na fita waje da sauran fushina na sauke a kan tsofaffin. Na ce su tashi, asibiti ya rufe, sun kashe mata ido hankalinsu ya kwanta. Suka fara laluben sandunansu. Inna Saude ce kaɗai ta yi magana.

"Ban roƙa ba, 'yata. Ita ta aika a kira ni. Da na san zai cuce ta da na zauna da ciwona."

Matar nan ta goya ni ina jaririya. Kunya ta kama ni, amma ba lokacin ba da haƙuri ba ne, Philemon ya riga ya samo mota.

A asibitin Mubi suka duba suka ce mu wuce Yola. A Yola likita ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga ta wurin da aka yi aikin sun cinye cikin idon. Suka yi allurai, suka kwantar da ita, kumburin ya sauka, ciwon ya lafa. Gani dai bai dawo ba, kuma ya gaya mini a fili ba zai dawo ba.

Na tura wa Dakta Eva saƙo da hoton idon. Ta aiko da saƙon murya, tana magana tana tsayawa. Ta ce ta yi aiki a ƙasashe da yawa, ba ta taɓa tunanin wannan ba. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, kuma na yarda da ita. A ƙarshe ta ce suna shirin dawowa baɗi, ko zan sake yi musu tafinta. Na ajiye wayar.

Ranar Asabar da ta wuce na je Betso. Na tarar da Mama a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube, Inna Saude a gefenta tana tsince mata wadda ta faɗi ƙasa. Na durƙusa na gaishe su, na roƙi Inna Saude gafara, ta ce ba komai. Sannan na gaya wa Mama cewa Turawan sun ce za su dawo baɗi. Na so in ji ta yi fushi, ko da sau ɗaya, da su ko da ni ko da kanta.

"To madalla," ta ce. "Ki gaya wa doguwar nan ta kyauta mini. Na ga gonata, na ga jikokina. Amma ki ce mata in za su zo su taho da babbar kwalba. Wannan ƙaramar ba ta isar mutane."

Na zauna a ƙasa na jawo ƙwaryar gyaɗar, muka ci gaba da ɓara.