Ranar Buɗe Mashigi

Tayar gaba ce ta fara nutsewa. Malam Isiyaku ya ji babur ɗin ya yi sunkuyo kamar tsohon jakin da ya hango kaya, sai ya murɗa totur yadda ya saba, ya jingina baya don ya rage wa gaba nauyi. Dabarar da ta yi ta fid da shi shekara da shekaru ita ce ta ƙarasa shi yau. Tayar baya ta yi ta juyi wuri ɗaya tana feshe shi da laka, ɓawon yashin nan busasshe ya tsage kamar ƙanzo, kafin ya gama a'uziyya injin ya shaƙi ruwa ya mutu. Ya sa ƙafa ƙasa, ƙasa ta karɓe ta har cinya.

Gari bai gama wayewa ba. Ya tsaya a tsakiyar rafin, hannu biyu a kan babur, yana waige-waige. Ba taimako yake nema ba, duba yake ko wani ya gan shi.

Manu ne ya gan shi, Bafillatanin da ke da ruga a bayan gaɓa. Ya zo ya tsaya da sanda a wuya, ya yi masa barka da asuba a tsanake, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, kamar sun haɗu ne a bakin masallaci. Sannan ya koma ya koro bijimai biyu da igiya. Suka fara jan mutum, suka koma suka ja ƙarfe. Takalmi ɗaya ya zauna a cikin lakar, hular Malam Isiyaku kuwa ko ganin inda ta faɗi bai yi ba.

Da suka hau tudu ya soma kewaye-kewaye, yana cewa ai tsakanin dattijo da dattijo akwai abin da ba ya bukatar ya je kasuwa.

"Ni shanu nake kiwo, Sarki," in ji Manu. "Ba na kiwon magana."

Sarkin da ya kira shi ba na fada ba ne. 'Yan acaɓar tashar Kibiya ne suka laƙaba masa Sarkin Mashigi, kuma sunan ya ci. Rafin nan shi ya raba gari da ƙauyukan wajen Unguwar Gai. Duk damina sai a zagaya ta gada, tafiya ta ninka, mai ya ninka, fasinja na tsaki, mai babur na tsaki. Amma da zarar ruwa ya ɗauke, yashi ya yi tauri, sai a yanke ta tsakiya, kafin ka gama cin goro ɗaya ka haye. Matsalar ita ce sanin ranar. Yashin rafi munafuki ne, samansa yakan bushe tun cikinsa na ruwa. To shi Isiyaku tun yana saurayi ya gano ma'auninsa: in aka yanke dawar gonakin bakin gaɓa, kasuwar da ta biyo baya ƙasa ta nuna. Bai taɓa kuskure ba. Ranar sai yara su taru da goro da galan na mai, ya wuce gaba, su biyo shi a jere suna danna oda har tsallake. Kafin ya buɗe, ko mahaukaci ba ya bi. In ya buɗe, ko mai naƙuda a ɗauka.

Babur ɗinsa ya tsufa, shi ma haka, fasinjoji sun fi son yara masu sabon ƙarfe. Wannan rana ɗaya ita ce ta rage masa a shekara.

Bana da aka yanke dawa ya sa ranar, sai Zulkifilu, matashin sakataren ƙungiyar 'yan acaɓa, ya matso da wayarsa cikin ladabi. Ya ce masu hasashen yanayi sun faɗa a rediyo, ga shi ma a waya, cewa damina ta yi jinkirin tafiya, sanyi kuma zai makara, saboda haka ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai janye ba. Ko za a ƙara haƙuri? Isiyaku ya dube shi a gaban tasha kaf, ya tambaye shi ko rediyo ta taɓa hawa babur. Ya ce lokacin da ya fara ratsa rafin nan uban Zulkifilu bai san hanyar gidan su uwarsa ba. Aka yi ta dariya har da masu buga ƙafa. Yaron ya mayar da wayarsa aljihu.

Amma maganar ta kwana da shi, ta tashi da shi. Da daddare zufa yake yi, alhali a bara war haka da bargo ake kwana. Abin da ya fito da shi ke nan yau bayan sallar asuba ya gwada a ɓoye, abin da bai taɓa yi ba. Kuma yau ce ranar.

Ta bayan gari ya turo babur ɗin, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Matarsa Fulera tana shara ya shigo. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ajiye tsintsiya, ta kawo masa ruwa bokiti biyu. Sai da ya tsuguna yana kwance fulogin babur yana busawa ta yi magana, kamar da kaji take.

"Dawar mutanen bakin gaɓa ai ba irin ta da ba ce, Malam. Gajerar nan ce da suka koma shukawa, mai saurin nuna. Ko kunun ta ba ɗaya ba."

Hannunsa ya tsaya. Ashe dawa ta yi sauri, ruwa ya yi nawa, shi kuwa yana tsakiya riƙe da tsohon ma'auni. Da bakinsa ya sha kunun, da idonsa ya ga karan bai kai kafaɗa ba, amma bai taɓa haɗa biyu da biyu ba.

Ya ce mata ta ji da shararta.

Da hantsi ya isa tasha cikin wankakkiyar riga da hular sallarsa. Babura sun jeru, an goge su, ga goro a faranti, ga galan. A hanya ya riga ya ƙulla abin da zai faɗa, don Isiyaku ba yaro ba ne, ya yi dakon kaya a Kano, ya yi yaron mota, ya san ƙarya mai kyau ba a yi mata ado da yawa. Ya yi gyaran murya ya ce labari ya iske shi cewa an yi rasuwar wata tsohuwa a Zinyau, dangin wanda ya koya masa babur, kuma tun asali ba a buɗe mashigi ana zaman makoki. A bari sai wata kasuwar.

Ya shirya wa musu, sai musu bai zo ba. Wannan ya ce Allah ya jiƙanta, wancan ya ce gaskiya ne, ai gada ba ta gudu ba. Nan da nan aka raba goron, kowa ya ja baburinsa. Da ya tsaya ya yi tunani, da saurin yardar ya ba shi tsoro. Amma wanda ya tsallake rijiya ba ya tsayawa auna zurfinta.

Sai wani Murtala, ɗan acaɓa daga Dawaki da ke kawo fasinja ranar kasuwa kawai, mutum mai baki kamar reza, ya leƙo yana murmushi ya ce ko dai rediyo ce ta yi gaskiya, Sarki ya tsorata?

Da shiru ya yi, da shi ke nan. Amma Zulkifilu na tsaye a gefe, kuma akwai fasinjoji.

"Ƙasa kam ta yi," in ji Isiyaku. "Kamar kwalta take. Mutunci ne ya hana, ba laka ba."

Zulkifilu ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

Isiyaku ya zauna a kan benci ya ci goro, goron ya ƙi daɗi. Ya ɗauki fasinja ɗaya zuwa hanyar Rano, babur na tari yana yankewa, har mutumin ya tambaya ko ruwa aka haɗa masa a mai. Kafin azahar ya koma gida ya ce kansa ke ciwo.

Fulera ta tare shi a zaure da labari. Na'ima, autarsu da ke aure a tsallake, ta biyo daga asibiti inda ta kai jaririnta rigakafi. Ta jira shi ta gaji, yaron na ta kuka saboda allurar, sai ta ce bari ta yi sauri. Ta ce ta samu wani mai babur ɗan Dawaki da zai yanke da ita ta mashigi a kuɗin da bai kai na gada ba.

"Na ce mata ta bi gada," in ji Fulera. "Ta ce ai Baba da kansa ya faɗa a tasha, ƙasa kamar kwalta. Me zan ce mata, Malam? In ce ubanta ƙarya yake?"

Bai san lokacin da ya juya babur ba. Sau uku yana taka shi kafin ya tashi. Ya bi ta cikin kasuwa yana danna oda, ya kusa kwashe tiren wata mai ƙosai, ya faɗa hanyar burji. Abin da yake gani kawai shi ne yadda ƙasar nan ta karɓi ƙafarsa, shi namiji mai tsawo, babu goyo a bayansa. Mace da jariri a baya, in babur ya kife, goyon ne a ƙasa. Ya yi ta addu'a, duk wadda ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa.

Daga nesa ya hango mutane a bakin gaɓa, babura huɗu ko biyar, da jan mayafin Na'ima a kan na Murtala, injin na kunne. Bai tsaya kafe nasa ba, ya sake shi ya faɗi. Ya ƙarasa yana haki, ya kama kan babur ɗin Murtala da hannu biyu.

"Kashe shi," ya ce. "Babu wata rasuwa a Zinyau. Ni ne na shiga nan da asuba na nutse har cinya, shanun Manu suka ja ni. Ƙasa ba ta yi ba. Zulkifilu ya faɗa mini, na yi masa dariya."

Jaririn na ta kuka. Na'ima ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta kau da kai, don ba kyau 'ya ta kalli ubanta a irin wannan hali. Wata tsohuwa mai ƙwaryar daddawa ta ce, "Allah sarki."

Sai a lokacin idonsa ya sauka kan gangaren. An sare rassan magarya an jibge a bakin mashigin daga wannan gefe zuwa wancan, ko akuya ba za ta ratsa ba. Ganyen har ya fara yaushi, alamar ba yanzu aka sa ba. Tayar Murtala ma ba rafi take kallo ba, ya riga ya juya ta wajen gada. A gindin wata bishiya kuwa Zulkifilu ne ya miƙe daga kan dutse, da wasu yara biyu na tasha, waɗanda ɗazu suka fi kowa saurin cewa Allah ya jiƙan tsohuwa.

Zulkifilu ya matso ya rusuna. Ya ce shi ma ya zo da sassafe da sanda don ya soka ya gani, sai ya tarar da rami da sawun shanu. Tun lokacin suka sa ƙayar, suke karɓa-karɓa suna mayar da mutane.

"Abin da muke gaya musu ke nan, Baba. Mun ce Sarki bai yarda ya sa kowa a gaba ba sai da ya gwada da kansa. Ya ce kada a bi."

"Ban ce ba," in ji Isiyaku.

"To ai yanzu ka ce."

Zulkifilu ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro wani abu a ninke, ya miƙa da hannu biyu. Hular ce. An wanke ta, amma lakar rafi ba ta fita daga zare da wanki ɗaya.

Murtala ya buɗe baki zai yi magana, ɗaya daga cikin yaran ya taka masa ƙafa. Murtala ya ja babur, Na'ima ta ce, "Sai an jima, Baba," ba tare da ta ɗago ba, suka nufi gada. Sauran masu baburan ma suka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Isiyaku ya daɗe yana juya hular a hannunsa. Da sun yi masa dariya, da ya san yadda zai yi da su, don ya iya ramuwa. Wannan kuwa bai san inda zai ajiye shi ba. Ya tuna yadda ya tsaya a tasha yana jera sunan garin da ba a mutu ba, su kuma suna amsa masa da amin.

Ya cire hular sallar ya cusa a aljihu, ya kafa jiƙaƙƙiyar a kansa. Sanyinta ya ratsa shi har wuya. Ya je ya ta da baburinsa ya kafe, ya dawo ya zauna a kan dutsen da yaron ya tashi, ya ce wa yaran nan biyu na tasha su koma can su nemi abinci, shi zai tsare wurin.

Zulkifilu ya juya zai bi su.

"Kai, tsaya," in ji Isiyaku, idonsa na kan yashin da ke ƙyalli fari fat kamar ba shi ba. "Wayar nan taka. Yaushe ta ce sanyin zai sauka?"